Kwanon da Na Mayar Ba a Buɗe Ba

Ni ne da laifi. Gara in faɗa tun daga farko, don kada mai karatu ya zauna jiran inda zan wanke kaina. Matata ce ke da gaskiya, ta kuma riƙe gaskiyarta shekara talatin da ɗoriya ba ta taɓa goranta mini ba. Karatuna bai yi nisa ba, allo ne da 'yan shekaru a boko, daga nan sai sitiyari. Saboda haka zan ba da labarin yadda nake ba da shi a kan benci bayan la'asar. In na karkace a yi mini haƙuri.

Abin da ya tado mini zancen shi ne shirun da unguwarmu ta yi. Yanzu in ka bi lungunmu da hantsi ba ka jin taɓarya, sai ƙarar babur da ta waya. Matasa na wucewa da abinci a farar roba, shinkafa ko taliya mai na ɗiga, suna ci a tsaye kamar ana korarsu. Bakina ba ya iya yi musu faɗa, don ni na fara buɗe wannan ƙofa a gidanmu tun ba a haife su ba.

A gidan da na tashi cikin Zongon Kumasi, wanda har yau a cikinsa nake, ba agogo ke tada mu ba. Ladan ne na farko, sai tarin Baba a bakin randa yana alwala, sai daka. Ɗakuna ne jere sun kewaye tsakar gida ɗaya, kowace ƙofa da murhun gawayinta. Akwai mu da iyayenmu suka gangaro daga ƙasar Nijar da fataucin goro, akwai Dagomba, akwai Mosi, akwai Zabarmawa, kowa na Hausa irin tasa, wani ya ce wa mace "shi" ba wanda ya damu. Ta bayan katanga kuma Tonawa ne, wato Asantawa masu gari. Da yamma sai dakan fufunsu ya haɗu da bugun muciyar matanmu a tukunyar tuwo, ka rantse hira suke yi. Aikina a lokacin tsinke ayoyo ne da fifita wuta, in kuma ruwan Kumasi ya tsinke ba sallama, in ruga in kwashe shanyar kuɓewa daga kan kwano. Tuwon dawa muke ci ko na gero, yau da kuka, gobe da ayoyo, jibi da alayyahu ko zogale, ranar da Inna ta ga dama ta yi aron kontomire na Tonawa, wato ganyen gwaza. Nama sai an yi suna ko Sallah. Sauran kwanaki 'yan ƙananan busassun kifi ne da muke kira amani, a dake su har da kai da ƙaya a watsa a miya. Ba mu san muna cin magani ba. Mu dai a ganinmu abin da hali ya ba mu ke nan. Baba kuwa da wannan tuwon ya haura tamanin yana taka ƙafa zuwa masallacin Juma'a, yana fasa goro da haƙoransa.

Uwar miyar duka ita ce daddawa, kuma Inna ba ta sayen ta kasuwa. In kalwa ta iso daga arewa a motocin da ke sauke kaya a Asawase, takan sayi mai yawa. Kalwa ƙwayar ɗorawa ce, baƙa, mai taurin tsakuwa. Wuni guda take kan wuta, sannan a surfa ta da toka, a wanke a sake wankewa, a mayar da ita wuta, a juye a kwando a rufe da ganye da tsumma a tura lungun ɗaki. Kwana uku ba mai taɓawa. Inna ta hana mai fushi ya kusanci lungun, wai daddawa na jin zuciya, in ka buɗe ta da ɓacin rai sai ta yi ɗaci. Rana ta uku ba sai an gaya maka ba, hancinka zai gaya maka tun daga bakin titi. In muka yamutsa fuska sai ta ce, "Ku yamutsa. Abin da hanci ya yi wa tsaki, shi ciki ke sa wa albarka." Da na yi aure, Inna ta karɓi matata kamar ita ta haife ta, ta koya mata wannan aiki hannu da hannu. Nakan dawo in tarar da su biyu a gaban faifai suna dunƙulawa suna dariya, in na tambaya su ce ba da ni suke ba.

Akwai wata al'ada a gidan da ya kamata in bayyana, don a kanta laifina ya hau. Mazan gidan tare suke cin abinci a zaure kafin magariba. Kowace mace za ta ɗauko kwanon mijinta a rufe, ta ratsa tsakar gida da shi ta kai bakin zaure, in an gama ta zo ta ɗauka. Matan ba sa cewa komai, amma kowace idonta na kan kwanukan. Kwanon da ya dawo a suɗe, yabon mace ke nan, ba sai miji ya buɗe baki ba. Wanda ya dawo da saura, a tambayi lafiyar maigida. Kwanon da ya dawo ba a buɗe ba kuwa, tun da na yi wayo ban taɓa gani ba, sai a hannuna.

Ga yadda aka yi. Na bar tuƙin trotro, wato motar haya, na samu aikin tuƙa manajan wani kamfanin katako. Aka ba ni farar riga da hula, mota mai ƙamshin fata. Kaina ya kumbura har hular ta yi mini kaɗan. Inna ba ta daɗe da rasuwa ba a lokacin. Wata rana matata ta ƙulla mini tuwo da miyar kuka in tafi da shi aiki, na ajiye a ƙarƙashin kujera. Rana ta yi zafi, gilasai a rufe. Da matar manaja ta shiga, sai ta toshe hanci da mayafinta ta ce da Tonanci, "Wa ya mutu a motar nan?" Manajan ya yi dariya, ba da mugunta ba ma. Amma kafin a tashi aiki zancen ya kai ga sauran direbobi, suka laƙaba mini suna Dawadawa, wato daddawa a bakinsu. In na wuce sai wani ya shaƙi iska ya ce, "Arewa ta iso."

Da wannan zafin na shigo gida. Ina zama a zaure ta kawo kwanona ta durƙusa ta ajiye. Ƙamshin ya bugi hancina ta gefen murfi. Ban buɗe ba. Na ɗauki kwanon da kaina, abin da namiji ba ya yi, na ratsa tsakar gida, na dangwarar da shi a gabanta kowa na gani. Ta ɗago ta ce, "Maigida, lafiya?" Na ce, "Kin mayar da ni abin dariya a gari. Wallahi muddin ina numfashi daddawa ba za ta sake shiga kwanona ba."

Ta yi murmushi, tana so ta mayar da abin wasa. Ta ce, "Su waye suka yi dariyar? Masu sa momoni a miya ne za su ce mana wari?" Momoni ruɓaɓɓen kifi ne mai gishiri da Tonawa ke ji da shi. Wata daga cikin matan ta ƙyalƙyale. Wannan dariyar ce ta ƙarasa ni. A gefen ƙofarmu akwai faifan daddawa da ta fitar ta sha rana don kada danshin damina ya sa ta fumfuna. Na san ko wace ce. Ita ce ta ƙarshe da suka yi da Inna, tana ta tattalinta kamar zinariya. Na sani sarai, ba zan ce na manta ba. Na ɗauki faifan na kife shi a kwata.

Matan tsakar gidan suka tsayar da muciya suna kallonmu. Matata ba ta yi kuka ba. Ni kuwa na sa takalmi na fita na ci soyayyiyar shinkafa a bakin titi, ina jin kaina wani babba.

Daga ranar ta bi umarnina, ta bi shi har ya fi yadda na so. Tukunya biyu take ɗorawa. Babba tawa ce: farar shinkafa, tumatirin gwangwani, mai yana iyo a sama, dunƙulen miya na kanti uku ko huɗu, nama mai kitse. Da safe shayi da madarar gwangwani da sukari har cokali ya tsaya, da burodi da bota, in rana ta take in kora da lemon kwalba. Ƙarama ta ƙasa tata ce, a can lungu, tuwon dawarta da ganyenta da wakenta da amaninta. Daddawarta a ɗakin wata maƙwabciyarmu Badagomba take ajiyewa, wadda duk gidan ke kira Mma, don ko warinta kada ya taɓa rigata. 'Ya'yanmu sun tashi suna cin tawa a gabana, su zagaya su ci tata a bayana. Tumbina ya fito, wuyana ya yi rawani, mutane na cewa Direba ya ji daɗi. Wani lokaci in na ga tana suɗe ƙaramar tukunyarta nakan ce, "Ke dai talauci ya saba da ke." Sai ta ce, "Mun saba da juna, Maigida, ba ya cutar da ni." A zuciyata kuwa, Allah ya sani, akwai ranakun da ƙamshin kukarta ke shigo mini ɗaki yawuna ya tsinke. Amma magana zarar bunu ce, ga kuma girman kai ya tsaya a bakin ƙofa da sanda.

Aikin kamfanin ya zo ya wuce. Direbobin da suka yi mini dariya ko sunayensu ban riƙe ba. Mun yi aikin Hajji, ta zama Hajiya na zama Alhaji, tsufa ya same mu a ɗakuna biyun da Baba ya bari. Sai dai bai same mu iri ɗaya ba. Ita har yau da ƙafa take zuwa kasuwar Asawase ta dawo da kaya a ka, ta zare allura ba tabarau. Ni kuwa daga ɗaki zuwa masallaci sai na huta sau biyu. Bara wata la'asar na sunkuya zan wanke ƙafa a wurin alwala, duniya ta juya, na farka a babban asibitin da ke wajen Bantama. Aka ce hawan jini ne da ciwon suga, kuma sun daɗe suna zaune a jikina ban sani ba.

Ranar da za a sallame ni aka tura mu wajen wata ma'aikaciya mai ba da shawara kan abinci. Yarinya ce Batoniya, sa'ar autarmu, a Asawase ta tashi, tana Hausa irin tasu. Ta ce in sha magani a kan lokaci, in rage farar shinkafa da burodi, in bar sukari da lemon kwalba, mai kaɗan, gishiri kaɗan, dunƙulen kanti a ajiye shi gefe. Na ce, "'Yata, to me ya saura? Iska?" Ta yi dariya ta ce, "Papa, kai ɗan Zongo ne, abinci na gidanku. Tuwon dawa kaɗan, ganye da yawa, wake, amani. In miya ba daɗi, Mama ya sa dawadawa. Mu ma yanzu muna saye." Na saci kallon Hajiya. Gyara mayafinta kawai ta yi, tana kallon bango kamar an rubuta wani abu a jiki.

Da muka dawo ta bi takardar asibiti layi-layi, ban da layi ɗaya. Tuwon dawa mai laushi, ayoyo ɗanye shar, amani an dake shi lukui. Ba dunƙule, gishiri ɗan taɓawa, daddawa kuwa babu. Duk wanda ya taɓa shan irin wannan miya ya san abin da nake nufi, kamar ka tauna jiƙaƙƙen tsumma. In na yi loma uku sai in ture kwanon. Ga magani ba a shan sa da ciki wayam. Na fara ramewa, ba ramar lafiya ba, rigunana suka zama na aro. Da na koma asibiti suka ce in ban ci abinci ba, to za su sake kwantar da ni. Ita ma abin ya dame ta, na sha ganin ta tana leƙa kwanon tana girgiza kai, ta canza ganye, ta ƙara citta, ta ƙara albasa. Amma abin nan guda ta ƙi.

Na fara zagaye-zagaye. Na ce, "Hajiya, yarinyar nan ta asibiti kamar ta ambaci wani abu da ake sa wa miya." Ta ce, "Ta ambaci abubuwa da yawa, Alhaji." Na ce, "Wanda ake yi da kalwa." Ta ce, "Au, wannan. Ai akwai wani bawan Allah a gidan nan da ya rantse a kansa. Ni ba zan ɗauki zunubin karya rantsuwar mutum da tsufana ba."

Sai na ga ai abin mai sauƙi ne. Na je wajen limaminmu na gaya masa na yi rantsuwa ina so in warware. Ya ce in ciyar da miskinai goma. Na sa aka dafa shinkafa da wake aka raba a ƙofar masallaci, na dawo ina taku ɗai-ɗai kamar wanda ya ci yaƙi. Na tarar da ita tana tsinke zogale. Na ce, "To, na yi kaffara, rantsuwa ta faɗi." Ba ta ɗago ba ta ce, "Allah ya karɓa. Shi kam ka ba shi haƙƙinsa." Da yamma kwano ya zo, miyar na nan yadda take.

Raina ya ɓaci, na kai ƙara wajen Mma. Ita kaɗai ta rage cikin matan da suka ga abin da na yi, ta tsufa tukuf, idonta ya yi hazo, amma harshenta bai tsufa ba. Na ce, "Mma, ki yi wa ƙawarki magana, so take ta kashe ni da yunwa." Ta ce, "Direba, zauna." Ita har yau Direba take ce mini. "Ranar da ka fita cin shinkafarka, ka san abin da muka yi? Ni da ita muka durƙusa a bakin kwatar nan muna tsamo dunƙulen daddawar da ruwa bai taɓa ba. Guda bakwai muka samu. Na ce ta wanke ta yi miya, ta ce a'a. Ta nuna mini tsakiyar kowane dunƙule, inda uwarka ke dannawa da babban yatsa. Ta ce, Mma, hannun Inna ne. Ta ƙulle su a tsumma ta ajiye a ɗakina har suka zama gari." Ta lalubo goronta. "Ka ciyar da mutum goma, madalla. Cikinsu akwai wanda ka kunyata a tsakar gida?" Na ce babu. Ta ce, "To ka ga. Kuma ba a ɗaki ka yi ba, kada ka je ka yi mata raɗa a ɗaki."

Kwana biyu ina juya maganar. Ban taɓa tunanin abin daga wajenta ba, sai yanzu da cikina ya matsa mini, wannan ma wani laifin ne, kuma na ƙara shi a kan na farko. Shekara talatin tana ratsa tsakar gidan nan da kwanona a gaban matan da suka ga an mayar mata da shi, ba ta taɓa fashi ba, ba ta taɓa kai ƙarata gidansu ba.

Rana ta uku na jira lokacin da mata ke ɗora tukwane. Yawancinsu yanzu 'yan haya ne matasa, ba su san komai ba. Na sa aka fito da Mma aka zaunar da ita a kujera. Na dogara sandata na je bakin kwatar, na yi sallama da ƙarfi har kowa ya waiwayo. Na ba su labarin duka, ban rage ba, har da abin da na sani game da faifan. Sannan na lallaba na durƙusa a gaban murhunta, gwiwoyina na ƙara. Ta saki muciya ta ce, "Alhaji, tashi don Allah, wa zai ɗaga ka? Ni dai ba zan iya ba." Matan suka yi 'yar dariya.

Abin da ya biyo baya namu ne ni da ita. Ya isa in ce yanzu ina cin abinci, tukunya ɗaya ake ɗorawa a ƙofarmu, kuma ina kai kaina masallaci ba hutu. Amma ranar ban tashi ba sai da na faɗi abin da ya kawo ni. Na ce:

"Hajiya, a nan na mayar miki da kwano, a nan na zubar da aikin hannunki da na mahaifiyata, ina sane. Ba ki yi mini komai ba sai alheri. Kunyar mutanen da ba su san ni ba ta sa na kunyata wadda ta san ni. Ko ba za ki ƙara sa mini daddawa a miya ba har in mutu, ba miyar na zo roƙo ba. Na yi kuskure, na kuma daɗe ban faɗa ba. Ki yafe mini."